Jarrabawar Minti Goma

Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, kuma rabin haushin kaina nake ji.

Shekara goma sha tara Anti Sau-Uku ta yi a teburin ƙarshe na kamfaninmu, inda kwalaben maganin yara ke bi kafin a loda su a mota. Aikinta shi ne duba takardar jikin kwalba: sunan magani, yawan da za a sha, ranar da zai lalace. Sau uku take karanta kowace, yatsa na bin layi, baki na motsi, shi ya sa sunan ya bi ta. Direbobi su yi ta danna hon a waje, ko a jikinta. Ita ta koya mini aikin, da faɗa da ƙwanƙwasa mini biro a ka.

Sai aka kawo mana sabon manaja, mai ƙamshin turare da takalmi mai ƙara. Ko sati uku bai yi ba ya tara mu ya ce kowa zai zauna jarrabawar gwajin basira a kwamfuta. Wanda bai ci rabi ba, a sallame shi.

"Na'ura ba ta san ɗan'uwa ba," in ji shi, har da murmushi.

Mu masu aikin dubawa aka ba mu gwajin lura. Tambaya sittin, minti goma. A nuna maka dogayen lambobi biyu, ka faɗa ko ɗaya suke ko da bambanci. Dariya ma na yi, don wannan ai abin da Anti ke yi ne tun ina makarantar firamare.

Kusa da ita na zauna. Agogo na gudu a saman allon kwamfutar. Da na ga saura minti huɗu, sai na shiga canki-canka, ina dannawa ko kallo ba na yi. Na waiga, na ga Anti ta gyara tabarau, yatsanta a kan gilashin kwamfutarta, baki na motsi.

Na ce a hankali, "Anti, danna kawai, lokaci na tafiya!"

"Ban gama dubawa ba, 'yata."

Sakamako ya fito: na ci arba'in da ɗaya, ita goma sha huɗu. Goma sha huɗun nan kuwa su kaɗai ta amsa, ko ɗaya ba ta kuskure ba. Aka ce ta faɗi. Ni aka ba teburinta.

Ofishin manaja na faɗa ko sallama ban yi ba.

"Ranka ya daɗe, rabin nawa caca na yi. Wallahi ban karanta ba!"

"To kin iya yanke shawara cikin sauri. Shi muke nema."

"Maganin yara ne fa! Shekara goma sha tara ba a taɓa dawo da kwali ɗaya daga hannun baiwar Allah nan ba. Ku duba fayil mana!"

"Fayil tarihi ne. Mu maki muke dubawa." Ya mayar da idonsa kan waya.

Na tsaya ina huci. Na so in ce a ba ta teburinta, ni a sallame ni. Maganar ta zo har bakina, na tuno yarana biyu da mahaifinsu da ke zaune a gida ba aiki, na haɗiye ta. Na fito na ja masa ƙofa a hankali, kamar mutuniyar kirki. Wannan jan ƙofar ne ban yafe wa kaina ba.

Ranar da za ta tafi, sakatariya ta kawo mata takardar sallama a ambulan. Duk muka yi cirko-cirko. Anti ta zauna, ta sa tabarau, ta ɗora yatsa. Wani direba ya yi tsaki ya ce, "Haba Anti, har wannan ma?"

Ba ta kula shi ba. A karatu na uku yatsan ya tsaya cak. Ta ɗago ta dubi katin aikin da ke rataye a wuyana, ta sake duban takardar.

"Sunana ne a sama," ta ce wa sakatariya, "amma lambar ma'aikacin ta yarinyar nan ce. Kwamfutarku da lamba take aiki. In wannan ta wuce, ita za a cire ranar Litinin."

Sakatariya ta zaro ido. Takardar ta bi ta hannun mutum uku, duk sun ci jarrabawa, har da sa hannun manaja a ƙasa.

Na kama hannunta na ce, "Anti, da kin yi shiru..."

Ta ƙwanƙwasa mini biro a ka, da zafi kuwa.

"Haka na koya miki?"

Ta miƙa takardar aka je aka gyara. Da aka dawo da ita ta karanta sau uku, ta sa hannu, ta ajiye mini biron a kan teburin, ta ɗauki jakarta.