Damisa a Kufan Su Sukhmati

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka tashi su Sukhmati daga ƙauyensu na tsakiyar daji, aka ce an bar wa damisa wurin. Aka zube su a bakin titi, cikin gidajen kwano jere kamar akurki. Mijinta kuwa yana can kwance a gindin itacen mahuwa, inda suka binne shi.

Ɗanta Chamru shi ke tuƙa motar masu zuwa kallon namun daji. Ta yi roƙon ya kai ta kabarin mijin nata har bakinta ya gaji, kullum sai ya ce ba wuri. Ran nan baƙinsa, wasu mata da miji daga Mumbai, suka ce ba komai, tsohuwa ta zauna a baya. Ta ƙulle 'yar taba a gefen zanenta, don marigayin ba ya wuni ba ita.

Hanya ta canja, amma ta gane rafin, ta gane dutsen da suke wanki a kai. Gonarsu ta koma ciyawa, barewa na kiwo a ciki. Daidai itacen mahuwar nan, Chamru ya taka birki, ba don ita ba. Wata damisa ce kwance a inuwar tana lasar ƙafa.

Baƙin suka hau ɗaukar hoto, matar har da ƙwalla. Sai da aka jima damisar ta miƙe ta shige ciyawa. Sukhmati ta dafa ƙarfen motar za ta sauka.

"Inna, zauna," in ji Chamru ƙasa-ƙasa, bai ko waiwayo ba.

"Ubanka ne fa a can."

"Na sani. Ƙafarki na taɓa ƙasa, aikina ya tafi."

Ta ce to bari ta jefa tabar daga nan. Ya ce wannan ma an hana, shara ake kiransa.

Mijin baƙuwar ya juyo da fara'a, ya ce lallai tsohuwa tana da ƙashin arziki, wani sai ya zo sau biyar bai ga ko wutsiya ba. Ya tambaya ko yau ne shigarta dajin ta farko. Chamru ya riga ta amsawa, ya ce eh.

Daga nan suka fito daga dajin. Da yamma ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakinta, ya ce ta yi haƙuri. Ta ce ya tashi ya ci shinkafarsa, gobe yana da baƙi.