Kwat Ɗin Shabani

"Ba haka ake mutuwa ba, Mzee," in ji Mama Zawadi, ko ɗago kai ba ta yi daga kaskon wainarta ba. "Tashi ka sake."

Mzee Lyimo, dattijon nan maƙwabcinta na ɗakin ƙarshe, yana durƙushe a tsakar gida, hannu ɗaya dafe da ƙirji, ɗaya riƙe da kan famfo.

Shekararsa uku ke nan yana sana'ar ciwon ƙarya a makarantar koyon likitanci. A ba mutum takarda mai suna da cuta, ya kwanta a gado, ɗalibai su zo su gano abin da ke damunsa, malamai na gefe suna ba su maki. Shi an ba shi Shabani, tsohon direban bas ɗin haya, wato daladala, mai ciwon zuciya. Wasu haddace takardar kawai suke yi, Lyimo kuwa rainon Shabani ya yi. Ya ba shi matar da ta gudu, kamar tasa. Ya ba shi ɗa a Mombasa wanda ba ya ɗaga waya, kamar nasa. Har kwat ruwan ƙasa ya sayo masa a gwanjon kasuwar Kariakoo, kuma duk unguwarsu ta Buguruni an san ba ya zama Shabani sai da kwat ɗin nan a jikinsa, ko da gwajin tsakar gida ne.

A makon jiya wata malama ta ce masa faɗuwarsa ta fim ce. In bai gyara ba zuwa Litinin, za a ba wani Shabanin. Ranar ya dawo ko ugali, tuwon masararsu, bai iya haɗiya ba. Shi ne ya roƙi Mama Zawadi, wadda mijinta ya cika a kan cinyarta da wannan ciwon, ta koya masa. "Kar ki tausaya mini, ko me kika gani," ya ce. Ai kuwa ya kai kansa, don harshen Mama Zawadi ya fi reza.

"Ruwa," in ji shi yanzu, da ƙyar.

"Ruwa! Baban Zawadi bai nemi ruwa ba. Kai kullum sai ka ƙara gishiri."

Matan gidan da ke tsinar shinkafa a inuwa suka kwashe da dariya. Ɗaya ta ce, "Amma fa gumin ya iya, Mama Zawadi, ki ba shi makinsa."

"Famfo ne kusa da shi, shafawa ya yi."

Ya sulale har kafaɗarsa ta taɓa siminti. Leɓɓansa suka yi fari-fari. "Mama Zawadi, ni ne. Lyimo ne."

"Shabani ya san wani Lyimo? Ka ga abin da ya sa za su kore ka, ɗan wuya kaɗan sai ka fito daga wasa. Shi ya sa matarka ta gudu, ba ka iya kai komai ƙarshe ba!"

Ta ji daɗin maganar, wallahi ta ji, har ta waiga ta ga ko matan sun ji. Ta juya waina, ta zuba wani ƙullun. Ƙafarsa ta shuri bokiti sau biyu, sannan ta tsaya.

Sai da ta kwashe kaskon ƙarshe ta dube shi sosai. "Yauwa! Wannan ita ce. Haka za ka yi musu ranar Litinin." Ta tafa masa, matan suka taya ta. Ta ɗora waina biyu a faranti ta kai masa tukuici.

Ƙuda ne zaune a gefen idonsa, idon kuma a buɗe, bai ƙifta ba.

A asibiti, matashiyar likitar da ta rufe masa fuska ta shaida shi, a ƙirjinsa ta koyi sauraron zuciya. Ta tambaya tun yaushe ya faɗi. Mama Zawadi ta san amsar: tsawon suyar kasko huɗu. Ba ta faɗa ba.

Da la'asar ta dawo gida. Farantin na nan gindin famfo, kaji sun cinye wainar. Ta nufi igiya ta kwashe shanyarta, sai hannunta ya tsaya. Tsakanin zannuwanta ga kwat ɗin ruwan ƙasa, wanda ya ba ta tun da safe ta wanke masa saboda Litinin. Ya bushe ƙarau, iska tana ɗan kaɗa hannuwansa.