Kibiyar da ta Ci Layi

Alƙali yana durƙushe yana buga turke a ƙafar allon harbi na uku, Direba na riƙe masa igiya, sai Sakatariya ta ƙwala kira daga bakin ɗakin ajiya.

"Baba Kar-a-taɓa! Ka yi baƙuwa!"

Sunan da 'yan ƙungiyar harbin kibiya suka laƙa masa ke nan, kuma shi ya jawo wa kansa. Shekara ashirin da biyu yana zuwa filin nan duk Asabar, tun yana aiki a gidan waya har ya yi ritaya, ba don an sa shi ba. Shi ke buɗe ƙofa, shi ke yanke ciyawa, shi ke busa usur a fara harbi ya busa a daina. Duk wanda ya shigo ƙungiya, kafin a ba shi baka sai Alƙali ya tsare shi da doka har kunnensa ya yi zafi: kibiyar da ke jikin allo ba a taɓa ta sai an rubuta makinta, in kuwa aka zare ta, magana ta ƙare, babu gyara. Akwai ranar da ya kori wani likitan haƙori daga gasa saboda ya dafa allo yana ɗaure takalmi.

Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. Matar da ke tsaye kusa da Sakatariya tana da goyo, sai da ya matso sosai ya gane ta. 'Yar tsohon abokinsa Tela ce ta fari. Rabonsa da ita tun tana makarantar sakandare.

Ta russuna. "Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau, 'yata. Ikon Allah, har an zama iyaye? Ya mutanen gida?"

"Suna gaishe ka. Dama bakan Babanmu na zo karɓa."

Direba da Sakatariya suka dubi juna. Kowa ya san bakan. A cikin ɗakin ajiyar kowane ɗan ƙungiya yana da ƙusarsa a bango, kuma al'adarsu ce ba mai sauke bakan wani sai mai shi. Na Tela yana ƙusa ta biyu, dab da na Alƙali, cikin jakar zane da Telan ya ɗinka da kansa. Shekara tara yana nan. Sau uku ana kawo maganar a ba wani ƙusar, sau uku Alƙali yana cewa in dai yana raye ba za a yi ba. Duk ƙarshen wata yakan kaɗe wa jakar ƙura da tsumma, amma bai taɓa ɗaga ta daga ƙusar ba.

"Ai kin san ƙa'idarmu," in ji shi. "Ba a sauke baka sai da hannun mai shi. Ki ce masa ya zo. Ƙofa a buɗe take."

Ta gyara goyo.

"Hannun ne babu, Baba. Wata biyu ke nan da ya faɗi a shago. Ɓarin dama duk ya shanye. Cewa ya yi a kawo masa ya riƙa ganinsa a ɗaki."

Gudumar da ke hannun Alƙali ta yi masa nauyi. "Wata biyu? Kuma ba wanda ya gaya mini?"

"Umma ta sani ai. Sau biyu tana zuwa asibiti."

Maiɗakinsa take nufi. Sai a lokacin ya tuna wata safiya da ta ajiye masa shayi ta ce, "Malam, ka ji abin da ya sami abokinka?" shi kuma ya katse ta da cewa ya sha gaya mata kada a yi masa maganar mutumin nan a gidansa. Ta ja bakinta ta yi shiru, shi kuma ya sha shayinsa har da ƙari.

Mutane sun ɗauka fushi yake da Tela don ya bar ƙungiya. Shi ma ya bar su a haka, domin fushi ya fi sauƙin ɗauka a kan abin da ke cin sa.

Su biyu suka kafa ƙungiyar, lokacin da filin nan juji ne. Tela ya ɗinka ragar da ke tare kibau a bayan alluna, Alƙali ya bi ofisoshi har aka ba su izini. A harbi kuwa ba a haɗa su, Tela ya fi shi nesa ba kusa ba. Shi ya sa Alƙali ya je ya yi kwas ya samo takardar shaidar alƙalanci, kuma albarkacin takardar aka ba ƙungiyarsu karɓar gasar shiyya a karon farko. A wannan gasa duk wanda ya kai maki ɗari biyar zai tafi gasar ƙasa. Tela yana da shekara hamsin da ɗaya, yana neman maki goma a kibiyarsa ta ƙarshe ya cika ɗari biyar ɗin.

Kibiyar ta sauka a kan iyakar zoben goma da na tara. Doka ta ce in kibiya ta ci layi, babban makin ake ba ta. Aka kira Alƙali ya duba. Tun daga taku biyu ya ga ta ci layin, da kyar dai, amma ta ci. Da ya faɗi a nan da an wuce wurin. Sai dai ga baƙi sun cika fili, ga sabuwar rigar alƙalanci a jikinsa, ga gilashin ƙara girma da ya saya bai taɓa amfani da shi a gaban jama'a ba. Ya sunkuya da gilashin a ido, kafaɗarsa ta bugi gindin kibiyar. Ta ɗan karkata. Da ya sake dubawa, akwai siririn fili tsakaninta da layin.

Ya waiga, bai ga alamar wani ya lura ba. In ya ce ya taɓa, shi Baba Kar-a-taɓa, a ranar farko, takardarsa ta tafi, ga abin dariya har ya mutu. Ya miƙe ya ce, "Tara." Aka rubuta, aka zare kibiya. Tela ya sa hannu a takardar maki bai ce uffan ba, ya rataye bakansa a ƙusa, ya fita. Bai sake dawowa ba.

Alƙali ya ajiye gudumar a ƙasa ya shiga ɗakin ajiya. Ya tsaya gaban ƙusa ta biyu, ya sa hannu biyu ya sauke jakar.

"Yau ga abin kallo," in ji Direba daga bakin ƙofa, "Kar-a-taɓa ya taɓa!" Ba wanda ya taya shi dariya, sai ya koma yana sosa ƙeya.

Alƙali ya buɗe akwatin ƙarfen da ake tara takardun maki. Bai yi lalube ba, ya san inda take. Ya ninke ta ya sa a aljihu tare da jan biron da alƙali kaɗai ke gyara maki da shi. Sannan ya cire usur daga wuyansa ya miƙa wa Sakatariya.

"Busa biyu su hau layi, ɗaya su harba, uku su ɗebo kibau."

"Baba, shekara goma ina jin usur ɗin nan."

"To ki busa da ƙarfi. Direba kurma ne in ya ga dama."

A cikin bas sai da ya riƙe jakar a tsaye tsakanin ƙafafunsa, kanta na gogar rufi. Kwandasta ya leƙo ya ce, "Baba, wa ya ɓata maka rai da safen nan? Faɗa mana mu ba shi haƙuri." Fasinjoji suka yi dariya, Alƙali ya yi yaƙe. Yana ta jera kalmomin da zai faɗa, suna rushewa. Tafiyar ba ta kai minti ashirin da biyar ba. Wannan ya fi komai yi masa ciwo, domin shi a ransa gidan Tela ya zama kamar wata ƙasa.

Ɗakin yana warin man zafi. An matsar da kujeru an sa gado kusa da taga, keken ɗinkin da aka kwaso daga shago yana lungu an lulluɓe shi da tsohon labule. Tela yana jingine da matasai. Ya rame, gefen bakinsa ya ja ƙasa, hannun dama na kwance a kan zanin gado, tafin yana kallon sama. Idanun dai suna nan yadda Alƙali ya san su.

"Na aiki yarinya, sai ga hukuma da kanta," in ji Tela. Maganar tana fita a hankali, tana ɗan jan ƙafa, amma ana ganewa. "Ka tsufa, Alƙali."

"Kai kuma ka yi ƙuruciya ko? Sannu, Tela. Allah ya ba ka lafiya."

"Amin. Zauna mana, ba gasa ake ba."

'Yar ta kawo ruwa ta fita, ta ja ƙofa. Alƙali ya jingina jakar da gado ya zauna a bakin kujera. Ya tambayi jiki, ya tambayi magani, ya tambayi abin da likita ya ce. Da tambayoyi suka ƙare masa, sai ya zaro takardar ya shimfiɗa a gwiwarsa. Ta yi ja don tsufa, ga lambar tara a ƙasan layi, ga sa hannun Tela mai kama da ɗinkin surfani.

"Kibiyar nan goma ce," ya ce. "Ta ci layi. Ni na buge ta da kafaɗa ta karkata. Na ji tsoron kunya, na ce tara. Na cuce ka, Tela. Shekara tara ban yi barci mai daɗi a kanta ba."

Tela ya dubi takardar, sannan ya dube shi.

"Kafaɗar hagu," ya ce. "Ina tsaye a bayanka. Na gani."

Alƙali ya ɗago kai. "Ka gani? To me ya hana ka magana?"

"A gaban baƙi? Su karɓe takardarka, ƙungiya ta rasa alƙali, wahalar da muka sha ta tashi a banza? Na ce bari a watse, mutumin nan zai biyo ni shago. Ranar Litinin har kujera na share maka. Na ce zan zage ka son raina, ka sayo mana abin sha, Asabar mu koma fili." Ya tsaya ya huta, ya goge gefen bakinsa da hannun hagu. "Sati ya wuce, wata ya wuce. Daga nan ne na yi fushi na gaske."

"Ni kuma ina ta jiran ka dawo fili. Na ce ranar da ka zo ɗaukar baka zan tare ka. Shi ya sa na hana a ba kowa ƙusarka."

"Ka ji sakarkaru biyu," in ji Tela, ya yi wata dariya da ta tsaya a rabin fuska. Sannan dariyar ta ɗauke. "Gasar ƙasa ba ta dame ni ba kamar yadda kake zato. Da na je ma ƙila in zo na ƙarshe. Asabar ɗin ce ta dame ni. Duk Asabar sai in tashi da sassafe kamar mai zuwa wani wuri, in zauna a kan keke ina ɗinka labulen mutane. Shekara tara, Alƙali. Ina da hannu a lokacin."

Hawaye ya zubo wa Alƙali, bai ɓoye ba, bai kuma share ba. Ya lalubo jan biron ya cire murfinsa.

"Bari in gyara. In soke tara in sa goma, in sa hannu, Asabar mai zuwa in tara 'yan ƙungiya in faɗa musu da bakina."

"Faɗa musu, wannan kai ya shafa. Amma takardar nan ka bar ta."

"Don Allah, Tela."

"An zare kibiyar ko ba a zare ba?"

Alƙali ya sunkuyar da kai. "An zare."

"To wa ya koya mana cewa in an zare babu gyara? Ko kana so in kai ƙararka wurin Baba Kar-a-taɓa?"

Alƙali ya mayar da murfin biron. Agogon bango ya nuna sha ɗaya saura, daidai lokacin da ake hawa layi na biyu a fili.

"Fito mini da bakan in gani," in ji Tela.

Ya kwance bakin jakar ya zaro bakan. Itacen yana nan da sheƙinsa, zanen ya kare shi. Ya kafa gindinsa a ƙasa, ya lanƙwasa shi da gwiwa ya ɗaura tsirkiya a hankali, yana tsoron kada ta tsinke. Ba ta tsinke ba. Ya ɗora shi a cinyar Tela. Hannun hagu ya kama mariƙin nan take, daidai inda gumin shekaru ya yi masa duhu. Na dama yana nan inda yake. Tela ya dube shi, ya cije leɓe, jijiyar wuyansa ta tashi, amma ko yatsa bai motsa ba.

Alƙali ya miƙa hannu, sai ya tsaya a hanya.

"In taɓa?"

"Taɓa mana. Yanzu kuma me ya rage?"

Ya ɗago hannun, ya ji shi da sanyi da nauyi. Ya jera yatsu ukun a kan tsirkiya, ɗaya a sama biyu a ƙasa, yadda Tela ya koya masa tun filin yana juji. Da ya saki, suka zame suka koma kan zanin gado. Ya sake ɗora su, wannan karon bai saki ba.