Notin Hagu

Hashimu makanike ya ci amanar Basiru direba, kuma da saninsa ya ci ta. Ba rashin iya aiki ba ne. Shekara ashirin da biyu yana riƙe da sifana a bakin tashar Makoda, duk direban da ke bin hanyar ya san hannunsa. Girman kai ne ya sa shi ƙarya, ƙaryar kuma ta ci rai.

Cikin kaka ne, an fara cire gyaɗa, washegari kuma kasuwar Dambatta za ta ci. Da hantsi Basiru ya kawo tsohuwar bas ɗinsa ƙarƙashin darbejiyar da Hashimu ke aiki. Ya ce in ya taka totur sai injin ya riƙa tsalle a ƙarƙashin kujera kamar zai fito waje. Hashimu ya leƙa, ya girgiza injin da hannu, ya ce robobin da injin ke zaune a kansu sun mutu, ta dama da ta hagu. Basiru ya hau babur ya je ya sayo sababbi.

Hashimu ya sa jak da guntun katako ya tallafe injin. Ta dama ba ta ba shi wahala ba, kafin shayin da ke gabansa ya huce ya canza ta. Da ya koma ta hagu sai babban notin da ya ratsa robar ya shiga ƙarfen motar ya ƙi motsi. Damina bayan damina ruwa da taɓo na shiga wurin, tsatsa ta haɗe shi da ƙarfen har sun zama abu guda.

Hashimu ya san maganin wannan sarai. A zuba kalanzir da man birki, a ƙwanƙwasa kan notin da guduma a hankali, a bar shi ya kwana yana jiƙa. In ya ƙi, a kira mai walda ya gasa shi har ya yi ja, in ya huce sai ya saki. Mai walda kuwa yana nan tsallaken titi, taku talatin bai cika ba. Sunansa Kamaruddeen, kuma shekara uku ke nan ko sallama ba ta haɗa su. Gonakinsu ne maƙwabta, layin gamba ya raba su, Hashimu ya ce an matsar da gambar an ci masa kunyar shuka guda. Dagaci ya duba ya ce ba a ci ba. Tun ranar Hashimu ya ɗauki gaba.

A bencin da ke gindin darbejiyar direbobi ne zaune suna jiran layi. Cikinsu akwai shugabansu, Alhaji Umara, tsoho ɗan asalin Barno wanda ya yi shekara arba'in a kan sitiyari, bakinsa kuma ba ya raga wa kowa.

"Injiniya," in ji Alhaji Umara, "yau kuma ɗan noti ne yake sa ka nishi haka?"

"Alhaji, ni noti bai taɓa kwana a hannuna ba."

"To ga na fari. In aiko maka da tabarma ka taya shi kwana?"

Direbobi suka yi dariya. Hashimu ya ji ta har cikin ƙashinsa. Basiru mutum ne mai sanyin hali, ya tsuguna kusa da ƙafafun Hashimu ya yi ƙasa da murya.

"Oga, in sai gobe ne a bar ta. Kasuwa ɗaya ce, wata tana zuwa. Ko in tsallaka in kira Kamaru ya sa masa wuta?"

"In ka kira shi, ka tura motarka ka kai masa gaba ɗaya."

Ana haka aka kira azahar, jama'a suka tashi suka nufi masallacin tasha. Hashimu ya ce su je yana tafe. Bai je ba. Ya ɗauko dogon bututun ƙarfe ya zura a ƙotar sifana, ya tokare ƙafa da taya, ya sake wa bututun nauyin jikinsa duka. Notin ya yi ƙara, ya ɗan juya. Har ya fara murmushi, sai ya ji juyin ya yi laushin da duk makanike ya san ma'anarsa. Kafin ya sassauta, ƙarfen ya tsinke. Kan notin ya faɗo ƙasa da ɗan guntu a jikinsa, sauran ya maƙale a cikin motar.

Ya daɗe kwance yana kallon karayar. Gyaranta ba ɓoyayye ba ne: a liƙa wani ƙarfe a kan guntun da walda, a murɗo shi. Wato dai Kamaruddeen. Dole ke nan sai ya tsallaka titi a gaban benci, ya yi sallama, ya roƙa. Ya hango fuskar Alhaji Umara, ya ji dariyar tun kafin a yi ta.

Daga masallaci ana jin liman ya tayar da raka'a ta biyu. Hashimu ya ƙara ɗaga jak, ya zare tsohuwar robar, ya zura sabuwar a kan guntun da ya rage, ya sauke injin a kai. Babu abin da ke riƙe da shi ta hagu sai nauyinsa. Ya buɗe akwatin kayan aiki ya ɗauko ɗan bututun gam mai ƙarfi, ya ɗiga a kan notin da ya karye, ya manna shi a mazauninsa. Ya shafe wurin da baƙin mai. Duk wanda ya leƙa zai rantse an ɗaure.

Da aka fito salla suka tarar da shi yana wanke hannu da fetur.

"Ya kwance?" in ji Alhaji Umara.

"Ai na gaya maka."

"Lalle Injiniya. Na janye tabarmata."

Basiru ya tayar da mota. Sababbin robobi suka shanye kakkarwar, injin ya riƙa juyawa lafiya lau. Fuskarsa ta washe.

"Allah ya saka da alheri, Oga. An ɗaure ko'ina ko?"

"Ko'ina. Ka tafi har Legas in kana so."

A ransa Hashimu ya ce inji abu ne mai nauyi, ba inda za shi. Mako mai zuwa zai ce a kawo motar ya duba wani abu, ya kai ta wani gari a yi waldar ba wanda ya sani. Haka maƙaryaci yake lallashin kansa, kullum gyaran yana mako mai zuwa.

Washegari da safe Allah ya ba shi dama ta biyu. Yana buɗe akwatinsa Basiru na lodi a tasha, buhunan gyaɗa a sama, mata da jarkokin mai a ciki. Hure mai ƙuli-ƙuli, wadda katanga ɗaya ta raba gidanta da nasa, ta leƙo ta taga.

"Malam Hashimu, an tashi lafiya? An ce kai ka gyara mana ita. To yau dai ba ma sauka mu tura ba."

Ya buɗe baki. Kalma uku ta isa: Basiru, dakata tukuna. A daidai lokacin Kamaruddeen ya fito da tukunyar gas ɗinsa bakin rumfa, direbobi kuma sun cika benci. Hashimu ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Hure." Motar ta tashi.

Rana ba ta kai tsaka ba wani mai babur ya shigo tasha a guje da mugun labari. Basiru ya ratse ta hanyar ƙauye don ya ƙara lodi. A wani hawa da ruwan damina ya zaizaye ya sa giya ɗaya ya taka totur sosai. Injin ya ɗago ta hagu, ya fizgi wayar totur, ta maƙale. Motar ta yi ruri ta haye hawan, birki ya kasa riƙe ta, a kwana ta zarce cikin ramin da ake haƙar ƙasar gini. Hure ta rasu nan take. Mata biyu sun karye. Basiru an kai shi asibiti, aka yanke masa ƙafar dama daga gwiwa.

Hashimu ya tsaya a sahun gaba a jana'izar Hure. Har da shi a masu zuba ƙasa. Ya zauna zaman makoki yana amsa gaisuwa a matsayin maƙwabci, bai ce wa kowa komai ba.

Rana ta huɗu aka jawo gawar motar zuwa tasha. Alhaji Umara ya je asibiti ya ji daga bakin Basiru yadda totur ya maƙale, abin bai kwanta masa ba. Ya ɗaga kujerar gaba ya leƙa. Injin ya goce daga mazauninsa na hagu, amma kan notin yana nan zaune daram a samansa. Ya sa makulli ya ɗan taɓa shi, ya ɓalle ya faɗo a tafin hannunsa, busasshen gam a ƙarƙashinsa.

Ya tako har gindin darbejiya, direbobi na biye da shi. Ya buɗe hannu a gaban Hashimu.

"Mene ne wannan?"

"Hatsarin ne ya karya shi, Alhaji."

"Hatsarin ne kuma ya shafa masa gam?"

Hashimu ya dubi ƙasa.

"Muna masallaci ka yi wannan," in ji tsohon. "Yaron nan ya ce maka a bar ta ta kwana. Ko da ya yi ƙasa da murya, da kunnena na ji. Ni na tsokane ka, wannan kuwa zan amsa shi a gaban Allah. Amma ni ban liƙa noti da gam na ce wa mutum ya tafi Legas ba."

Ba wanda ya taɓa Hashimu. Wasu matasan direbobi sun so, Alhaji Umara ya hana. Shi da kansa ya naɗe kan notin a hankici ya kai wa 'yan sanda, ya kuma tsaya shaida a kotu. Hashimu ya amsa laifinsa a zama na biyu. Alƙali ya ɗaure shi shekara biyar, ƙungiyar direbobin tasha kuma ta yanke cewa ko ya fito, babu motarsu da zai sake taɓawa.