An Mayar da Ita Alhamis

Wata goma sha ɗaya ke nan Tela, kamar yadda ake kiranta saboda sana'arta ta ɗinki, tana zuwa ɗakin ƙarin ruwa na asibiti, duk bayan sati uku, ranar Talata. Ciwon daji ne a ƙwan mahaifarta, kuma kafin a gano shi ya riga ya yi nisa. Da farko kam, wai! 'Yan rakiya har sai nas ta kore su. Amma ka san halin ɗan'adam, dubiyarsa ta sati biyu ce. Ƙanwarta ta koma kan yaranta. Ɗanta tilo yana wani gari, sai ranar Lahadi ya bugo waya: "Umma, ya jiki?" Ta ce da sauƙi. To, me za ta ce?

Wadda ta rage mata a duniya ita ce matar kujerar kusa da ita. Ciwonsu ɗaya, maganinsu ɗaya. Tsohuwar mai dafa wa 'yan makaranta abinci ce, baki gare ta kamar an kunna, shi ya sa kowa ke ce mata Rediyo. Ita ce ta koya wa Tela tsotsar ƙanƙara don kada bakinta ya yi miki. Ranar da gashin Tela ya gama zubewa, Rediyo ta zame ɗankwalinta ta nuna nata kan, tal.

"'Yar'uwa, mun huta da kuɗin kitso. Ki daina ɓata hawayenki."

Tela ta yi dariya har allurar hannunta ta motsa. Awa biyar suke yi tare ruwa yana ɗiga. A gida kuwa daga ita sai keken ɗinki a lulluɓe, domin yatsunta sun mutu, ba sa jin allura. Ita kaɗai ce mai ciwon da ke ɗokin ranar magani.

Sai lokacin hoton ciki ya zo. Ta sha ruwan nan mai ɗanɗanon ƙarfe, ta kwanta aka tura ta cikin na'ura, murya ta ce riƙe numfashi, ta riƙe. Bayan kwana tara likita ya juyo mata da allon, ya ɗora biro a kan wasu ɗigo biyu kusa da hanta.

"Mama, wannan maganin ya daina riƙe shi. Za mu canja wani, mu ci gaba."

Ta gyaɗa kai. Ta daɗe da shirya wa wannan maganar. Abin da ba ta shirya masa ba shi ne abin da nas ta rubuta a katinta. A asibitin kowane magani da ranarsa, saboda lokaci ɗaya ake haɗa wa kowa. Sabon na Alhamis ne.

A cikin mota ne abin ya faɗo mata. Ba ta da lambar wayar Rediyo. Ko sunanta na gaskiya ba ta sani ba. Kai, wannan wauta har ina! Ta san sunayen jikokin matar, ta san wace suruka ce ke mata rowa, amma lamba? Wa zai nemi lambar mutumin da yake gani duk Talatar magani? Ta ji kaɗaici ya dame ta fiye da maganar likita.

Da Talatarsu ta zagayo, ta shirya tun da safe ta tafi, ko da yake ba ranarta ba ce. Hawa benen asibitin ya ci ta, sau uku tana hutawa. Ta leƙa. Wani dattijo ne a kujerarta yana gyangyaɗi. A ta Rediyo kuma wata baƙuwar fuska, da gashinta cif.

Ta zauna a bencin waje har azahar. Shiru. Ta tare nas ɗin da ta saba sa musu allura.

"'Yata, ina mai surutun nan?"

"Ba ta cikin jerin Talata yanzu, Mama."

"An canja mata rana ne? Ko hotonta ya yi kyau an sallame ta?"

Nas ta dubi fayil ɗin hannunta. "Ba a yarda mu faɗi maganar wani marar lafiya ba. Wallahi aikina zan rasa."

"To lambarta?"

"Ita ma haka."

Tela ta ƙura wa fuskar yarinyar ido, ko za ta karanto wani abu. Ina! An horar da su, fuska ba ta nuna komai. Ta dafa bango ta miƙe, ta gyara mayafi, sannan ta juyo.

"Ban ce ki faɗa min komai ba. Addu'a nake son yi mata. Ki ce min kawai, ta samun lafiya zan yi, ko ta gafara?"

 Daga ciki wata na'ura ta fara ƙara, ruwan wani ya ƙare. Nas ta matse hannun Tela, ta ce, "Sai Alhamis, Mama," ta shige.