Hardal ɗin Kaka

Bayan gidanmu a unguwar Harra ta Yamma, nan ƙasa mai tsarki, akwai ɗan fili kamar tafin hannu, duk baƙaƙen duwatsu. A nan mahaifiyarmu, Umma Safiyyatu, take shuka hardal idan sanyi ya shigo. Ganye ne mai yaji da ke hawa hanci. Kakarmu ce ta ƙullo irinsa a bakin zane daga Sudan, inda suka yada zango a hanyarsu ta hajji, kuma shi kaɗai ne abin da Umma ta gada daga gare ta. Ni kam ba na cinsa. Idan an sa a miya sai in yi ta tsince shi, Umma tana cewa bakina na 'yan shawarma ne.

Abu biyu ne ba a yi wa Umma gardama a kansu. Kullum da safe sai ta watsa wa tattabaru tsaba a gindin katanga, sadaka ga Kaka. Sannan duk shekara idan ta girbe sabon iri, a kwalba ɗaya take juye shi kan tsohon, ta girgiza, wai don kada ƙwayoyin da hannun Kaka ya taɓa su ƙare.

Yayana Abdussamad, mai aikin ɗora kaya a filin jirgi, shi kuma kiwon kanari ya sa a gaba. Ragowar abincinsu yake kawo wa Umma ta haɗa a na tattabaru. Abin da tsuntsayen suka bari ya faɗa tsakanin duwatsu, ya sami ruwan ban-ruwa, ya tsiro da fure ruwan ɗorawa sak irin na hardal. Na ce a tuge. Umma ta ce rabon tattabaru ne, kada wanda ya taɓa. Ƙudan zuma suka yi ta kai da komowa tsakanin nata da nasu, mu kuma muna sha'awa.

Sannu a hankali Umma ta fara ƙorafin miya ba ta hawa hanci. Muka ɗora wa tsufa laifi. Sai ranar da Abdussamad ya fesa maganin ciyawa a gindin katanga, da gaggawarsa ta kullum har ya taɓa bakin shukar Umma. Komai ya ƙone, ban da rabon tattabaru da wasu tsiraru cikin nata.

Nadiya, 'yar kawunmu da ta karanci aikin gona, ta ɗauki ganye ta kai gwaji. Da ta dawo ta zauna ta yi mana bayani, rabi Hausa rabi Larabci. Ƙwayar nan ta abincin kanari kanola ce, wadda ake matsa mai da ita a wasu ƙasashe, an gyara halittarta don ta jure maganin ciyawa. Dangin hardal ce, shi ya sa ƙudan zuma suka haɗa su. Ta ce abin da sauƙi, a koma kan tsohon irin da bai gaurayu ba.

Ba wanda ya kalli kwalbar sai Umma. Tausayinta ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ga laifin kowa ba. Ta mayar da sadakarta ƙofar gida, gero zalla. Da sanyi ya zagayo ta shuka daga kwalbar, ta ce za ta riƙa ɗanɗana ganyen kowane tsiro kafin ya yi fure, wanda bai hau hanci ba a tuge. Nadiya ta gaya mata gaskiya, harshe ba zai kama duka ba. Umma ta ce ta sani, amma shi take da shi.

Wata safiya ta kira ni, ta miƙo mini ganye biyu.

"Sundus, tauna."

"Ya Umma, ma abgha," na ce, wato ba na so.

"Ban tambaye ki so ba. Harshena ya fara mutuwa, 'yar nan. Idan ba ke ba, wa zai gane na Kaka?"

Na tauna na farko, na tauna na biyu. Duka ɗaci na ji. Ta tsare ni da ido tana jira, na so in yi mata ƙarya amma na kasa.

"Ban ji bambanci ba, Umma."

Ta dafa gwiwa ta sunkuya da ƙyar, ta tsinko mini wasu biyu.