Mace Na Ce wa Likita

—kuma ba zan ba ki haƙuri ba, Hajiya. Ki zauna nan a bencin jira da carbinki, ki yi ta gaya wa matan gefenki cewa matar ɗanki ta zo a zaɓo mata namiji. Ni ina ciki kwance, ƙafafu a kan ƙarfe, sanyin ɗakin nan na shiga min ƙashi...

Mace na ce wa likita. Mace. Sai da ta cire tabarau ta sake tambayata.

Wai da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙarfe ake zaɓen, ƙura ma ta fi su girma nesa ba kusa ba. Su manne wa irin maigida, maganaɗisu ya ja masu kawo namiji gefe, a bar masu kawo mace. Tankaɗe ke nan, kamar gari a rariya. Ɗan naki ya san mace za a zaɓa sarai. Ya sunkuyar da kai ya ce to, amma kada Hajiya ta ji. Namijin duniya! Tun ɗazu yana waje, wai yana neman inda zai ajiye mota.

Shisshigi a lamarin Allah? Haka yayata ta ce. To maganin hawan jininki fa, Yaya, shi ba shisshigi ba ne? Ina tsoron Allah, wallahi ina tsoro, amma—

Auduga. Fara ta koma ja, a canza, ta sake komawa ja. Kaciya ce kawai, wane yaro ne ba a yi wa? Ke kika riƙe min ɗan nawa ranar, Hajiya, kina cewa jarumi ba ya kuka. Daga baya ai bai yi kukan ba. Jini ya ƙi tsayawa, kamar na ƙanena ranar da ya faɗo daga keke. A jikina ciwon yake, ina yawo da shi lafiya lau, maza yake kamawa. Kika dafa kafaɗata kika ce Allah zai kawo wani. Wani! Sai ka ce kofi ne ya fashe.

Ba zan sake ninke kayan yaro in bayar ba. Ki yi fushi. Ki daina cin girkina. In 'yar ta zo ki ƙi ɗaukarta, bayana ya ishe ta.

Likita na sa safar hannu, wai in saki jikina. Wai in tuna babu tabbas... kuma ko macen ce, tana iya ɗaukar ciwon daga gare ni, ta girma lafiya lau, ta kai wa nata 'ya'yan.

Na ji. Tun ranar farko na ji, na toshe kunne. Wata rana ita ma ta kwanta a nan ke nan, ƙafafu a kan ƙarfe... wa za ta yi wa faɗa a zuci?

Ni?

Na gaji. Ki fara kawai, likita.